Ruwan da Na Tace da Farin Gyale

Litinin, 12 ga Yuli, 2010, bayan azahar

Ruwan da ke cikin randar Kaka ba na tuƙa-tuƙa ba ne, na tafki ne. Ni nake ɗebo shi, yau kwana ashirin ke nan. Ban faɗa wa kowa ba. Na rubuta a nan ne don littafi ba shi da idon da zai dube ni.

Littafin lissafina ne na aji shida, rabinsa babu rubutu. Na juya shi ta baya.

Da safe aka tafi da Amatullahi asibiti a Daura. Ƙanwata ce, shekararta biyu da wata huɗu, mu biyu ne kaɗai wurin Inna. Baba ya samo mota daga Zango, Inna ta naɗe ta cikin zani biyu. Kwana uku ke nan duk abin da ta sha ba ya zama a cikinta. Da suka wuce ta gabana idonta a buɗe yake, amma ba ta ce Yaya ba.

An bar ni da Kaka Maiturare, mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa mini, Ikilima, shi ya sa Baba yake kirana Mamana, ita kuma take kirana takwara. Yau ba ta kira ni komai ba. Ta zauna bakin ƙofarta da carbi har rana ta raba tsaka.

Talata, 13 ga Yuli, da hantsi

Da gari ya waye na juye ruwan randa duka a gindin zogale, na ce wanke ta zan yi. Kaka tana kallona daga tabarma. Ta ce, "Takwara, yau tsabta ta motsa?" Na ce eh. 

Na ɗauki tulu na tafi tuƙa-tuƙa. Na shiga layi, na sunkuyar da kai, na tuƙa, na dawo. Sau huɗu. Babu abin da ya cinye ni a can. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Bari in rubuta yadda nake yi, don kada nan gaba in yi wa kaina ƙarya. Tafkin yana bayan gonar Malam Amadu, inda ake haƙar ƙasar tubali da rani. Tun ruwan farko ya cika. Shanu suna sha a gefe ɗaya, masu babur suna wanki a ɗaya gefen. Ni ina zagayawa can ƙarƙashin giginya inda ba kowa. In na cika tulu sai in zuba garin 'ya'yan zogale da na daka, in juya da kara, in zauna in jira laka ta kwanta. Daga nan in tace shi da tsohon farin gyalena cikin bokiti, in wanke tulun, in mayar. Malaminmu na kiwon lafiya ne ya nuna mana haka a aji shida, cikin kwalba biyu.

Ruwan yana yin haske. Wallahi yana yin haske. Har ina jin daɗi a raina, ina cewa ashe karatuna bai tashi a banza ba.

Laraba, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Ba labari. Na share ɗakin Inna, na tsinci takalminta ɗaya ƙarƙashin gado.

Alhamis, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Baba ya zo ɗaukar kaya. Ya rame cikin kwana uku. Ya ce an sa mata ƙarin ruwa a ka, don an rasa jijiya a hannu. Kaka ta ce, "A ka?" Ya ce, "A ka, Inna." 

Na kawo masa ruwa na durƙusa. Yana riƙe da kwanon ya ce wa Kaka likita ya tambaye shi wane ruwa ake sha a gidan.

"Na ce masa na tuƙa-tuƙa. Na ce Mamana ce ke ɗebowa kullum, ba ta taɓa fashi ba."

Ya dube ni ya yi murmushi. Ina durƙushe, ina kallon farcen ƙafarsa. Bakina ya buɗe kaɗan, na ji shi da kaina. Sai ya miƙo mini kwanon, na karɓa, na tashi.

Ban faɗa ba.

Asabar, 17 ga Yuli, bayan azahar

Malama Hadijatu ta zo, mai aikin lafiya da ke zagaya gidajen da aka yi ciwo. Gidanmu ne na biyar a garin nan. Baba yana nan, sun zauna a tsakar gida, ni ina bakin murhu ina jin komai.

Ta tambayi ruwa, Baba ya ce tuƙa-tuƙa. Ta ce to ruwan tuƙa-tuƙar nan an gwada shi, lafiyarsa lau. In haka ne, sai a duba inda ake ajiye shi. Ta tashi ta nufi randa.

Randar nan da ita aka kawo Kaka daga Babban Mutum. Ta girmi Baba. Tana zaune cikin yashi mai laima a inuwar ɗakin Kaka, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Duk Juma'a Kaka tana wanke ta, ta kife ta bisa kasko mai garwashi da kajiji har hayaƙi ya kama ta. Daga nan ne ta samu sunan Maiturare. Mata suna aiko yara da kwano, a sam musu ruwan randar Maiturare don baƙo.

Malama ta ɗaga faifan, ta ɗauki moɗa ta juya ta. Ta ce, "Baba tsohuwa, kowa da wannan yake ɗiba?"

Kaka ta ce, "Da me za a ɗiba, da hula?"

Malama ta yi dariya, ta ce hannu yana shiga tare da moɗa, moɗa tana faɗuwa ƙasa a mayar, kuma randa mai shekaru tana da 'yan tsage da wanki ba ya kaiwa. Ba ta faɗa da faɗa ba. Mace ce mai hankali. Abin da aka gaya mata ne ta ɗora magana a kai.

Baba ya ce me ya kamata ya saya. Ta lissafa masa. Akwai bokiti mai murfi da famfo a ƙasa, hannu ba ya shiga. Akwai maganin da ake ɗigawa, amma yana yankewa a kasuwa. Akwai tukunyar tata, ta yumɓu ce da aka gasa da ƙaiƙayi, ana ɗora ta bakin bokiti ruwa yana tsatsowa a hankali, wani shago kusa da tashar Daura yana kawo ta. Ta ce, "Ku da kuke shan tuƙa-tuƙa, bokitin ya ishe ku. Da ruwan tafki ne, da sai in ce tukunyar tata, ko a tafasa. Ƙyalle da zogale laka kawai suke kwantarwa, ba sa raba ruwa da abin da ido ba ya gani."

Cokalin da ke hannuna ya faɗi cikin toka.

Baba bai ji ƙarshen maganar ba, hankalinsa yana kan randa. Ya ce, "Tukunyar ƙasa kuma? Ai ƙasar ce ta ja mana."

Kaka ta tashi ta shiga ɗaki.

Lahadi, 18 ga Yuli, kafin magariba

Baba ya dawo daga kasuwar Mai'adua da bokiti shuɗi mai famfo. Ya ɗora shi kan bulo biyu. Sannan ya tsaya bakin ƙofar Kaka ya daɗe yana gyaran murya.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba don na raina ba."

Daga ciki ta ce, "Badaru, gidanka ne. Ɗauke ta a hankali dai, ta fi ka shekaru."

Ni ya kira in kama masa. Muka ciro ta daga yashi, muka kai ta bayan rumbu muka kife. Inda ta tashi ya bar rami zagayayye mai sanyi, kaji suka zo suna tono.

Na tara wa Kaka ruwa daga famfo. Ta kurɓa ta ce, "Ɗanɗanon sabon takalmi." Ta so in yi dariya. Na yi ƙoƙari.

Litinin, 19 ga Yuli, da hantsi

Maƙwabciyarmu Laraba ta leƙo ta katanga tana gaida Kaka da mai jiki. Da za ta sauka na ji ta ce wa wata, "Ashe ƙamshin nan da muke yabo ciwo ne a ciki." Kaka ma ta ji. Ta ci gaba da tsince wake.

Na ce ba zan rubuta dalilin ba, amma zan rubuta.

Tun da aka zo da shari'a dattawan unguwa suka raba lokacin tuƙa-tuƙa, mata da 'yan mata da safe, maza da yamma. Tuƙa-tuƙar kuwa tana bakin hanyar Zango. Daidai lokacin da nake layi 'yan ajinmu suke wucewa zuwa sakandare, da fararen hijabai da jaka. Mu shida ne mata a ajin. Huɗu sun wuce. Ni ce nake zuwa ta ɗaya. Baba ya ce in dakata shekara guda in taya Inna, don ba ta da lafiya bayan ɓarin da ta yi. Shekarar ta wuce, ba wanda ya sake tada zancen, ni ma ban tada ba.

Ba zagina suke yi ba. Da zagi ne da na jure. Khairunnisa, wadda muke benci ɗaya da ita, takan tsaya ta ce, "Ikilima, sannu da aiki. Wallahi jiya an ba mu lissafin da na ce da kina nan." Da zuciya ɗaya take faɗa. Ni kuwa ina tsaye da gammo a hannu da zanin jiya, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi ke nan dalilin. Da na rubuta shi na ga ƙanƙantarsa.

Talata, 20 ga Yuli, bayan azahar

An aiko daga asibiti Baba ya zo maza. Ya fita ba hula.

Talata, bayan la'asar

Kaka ta ce in karanta mata Yasin. Na karanta sau uku. A na ukun muryata ta ƙi fita, ita ta ƙarasa da ka.

Laraba, 21 ga Yuli, da hantsi

Tana nan. Direban motar Zango ya faɗa a tasha cewa Amatullahi tana da rai, aka kawo mana labari. Tana nan.

Juma'a, 23 ga Yuli, bayan la'asar

An kai ni na gan ta. Ban taɓa shiga asibitin Daura ba. Gadaje a jere, wasu yaran a tabarma a ƙasa. An aske mata gefen kai. Hannunta ya koma kamar karan dawa. Na sa yatsana cikin tafinta, ta riƙe, ba ƙarfi amma ta riƙe.

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana a gaban mutane. Ke, ko yarinyar nan, shi ke nan. Yau tana gyara wa Amatullahi zani, fuskarta tana wajen bango, ta ce, "An ce ke ke riƙe da gidan. Allah ya yi miki albarka."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wata ma'aikaciya ta ce wa Baba ko an sallame ta, cikinta ya yi laushi, in ta sake haɗuwa da irin ruwan nan ba lalle ta iya ɗauka ba. Baba ya ce, "An riga an gyara. An fitar da randar."

A mota na zauna bakin taga. Mun wuce tasha, na ga shagon. Tukwane ne jajaye masu faɗin baki, an jera su bisa bokitai. Ban nuna wa Baba ba.

Yau Juma'a, Kaka ba ta hura kasko ba.

Asabar, 24 ga Yuli, da hantsi

Tuƙa-tuƙa ta lalace. Sandar ciki ta tsinke ta faɗa ƙasa, hannun yana ta lilo ba nauyi. An ce sai mai gyara ya zo daga Daura da ƙarfen, ba a san rana ba. Wancan karon wata biyu ta yi.

Rijiyar unguwa ta rufta tun bara. Sama kuma yau kwana tara ba ta zubo ba, gero ya fara naɗe ganye.

Mata duka suka juya da tulunansu suka nufi bayan gonar Malam Amadu. Na bi su. Laraba tana tambaya ta ina ne ba laka sosai. Na san amsar, ƙarƙashin giginya. Na bi bayanta kamar baƙuwa.

Litinin, 26 ga Yuli, bayan azahar

Baba ya shigo da 'ya'yan zogale cike da hularsa. Fuskarsa a sake, rabon da in ga haka tun kafin a tafi da Amatullahi.

"Mamana, zo. Malam Amadu ya ce ku 'yan boko an koya muku wata dabara da wannan. Gaskiya ne?"

Na ce eh.

"To nuna mini."

Na ɓare, na daka, na zuba, na juya da kara. Hannuna ya san aikin, bai jira ni ba. Muka zauna muna jiran laka ta kwanta, yana ba ni labarin yadda suna yara suke kwanciya rub da ciki su sha tafkin nan kamar awaki, ba abin da ya same su. Ya ce in kawo ƙyalle mai tsabta. Na kawo sabon ɗankwalin Inna. Farin gyalen yana ƙarƙashin katifata.

Ya ɗebi ruwan a kofin gilashi ya ɗaga wa rana.

"Ikon Allah. Inna, fito ki ga aikin takwararki. Ko na leda bai fi wannan ba."

Kaka ta leƙo ta dubi kofin, ta dube ni. Ta ce, "Ta iya." Ta koma.

Na ce, "Baba, Malama ta ce a tafasa." Ban san ya fito ba sai da na ji shi.

Ya ce, "Wannan na masu ruwa mai laka ne. Dubi nan, me za a tafasa? Mu mun ga abin da ya cuce mu da idonmu. Ruwan tuƙa-tuƙa mai kyau muka zuba a randa ya zama ciwo. Yanzu ga bokiti, ga murfi." Ya juye ruwan ciki ya rufe, ya buga murfin da tafin hannu. "Bana in Allah ya ba mu gero, za mu yi maganar makarantarki. Kai irin wannan bai kamata ya zauna ba."

Ruwan ya yi haske.

Talata, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Da Baba ya tafi gona na juye ruwan bokiti a tukunyar tuwo na tafasa, na bar shi ya huce na mayar. Ya ci itacen kwana biyu. Da ya dawo ya sha ya ce yana jin hayaƙi. Ya duba wurin itace, ya dube ni.

"Mamana, damina ce. Karan bara ya ƙare, itacen nan shi ne na tuwo har girbi. Kada ki ƙara."

Bai ɗaga murya ba. Baba ba ya ɗaga murya.

In Inna ta dawo ita za ta karɓi murhu. Ba zan iya yi a ɓoye ba ko da itacen.

Laraba, 28 ga Yuli, da hantsi

Na je ɗakin shan magani neman Malama Hadijatu. Na yi niyyar in ce ta zo ta sake yi wa Baba bayani, ba sai na faɗi nawa ba. Ƙofa a rufe. Mai shara ya ce an tura ta ƙauyukan Baure, can abin ya fi tsanani, sai bayan sati biyu.

Na tsaya a wurin har ya ce, "'Yan mata, ko akwai saƙo?" Na girgiza kai.

Alhamis, 29 ga Yuli, bayan azahar

Kaka tana ɗaure kaya. Ta ce za ta je Babban Mutum ganin 'yan'uwa. Na ce yaushe za ki dawo, ta ce in hanya ta bushe. Ta sa kaskon turaren cikin ƙullin, da sauran kajijin. Wanda zai dawo ba ya tafiya da kasko.

Na zauna bakin gadonta. Na daɗe. Ta ce, "Takwara, in kuka za ki yi, yi a waje, tabarmata sabuwa ce."

Na ce, "Kaka, ba randarki ba ce."

Ta ci gaba da ninke zani.

Na ce, "Ruwan tafki nake kawowa. Tun ruwan farko."

Ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

"Shekara hamsin da wani abu ina shan ruwa a randar nan. Kina tsammani harshena bai san tafki ba don an sa masa farar riga? Tun tulun farko na sani. Na kuma san abin da ya kore ki daga bakin hanya, ina da ido."

Na ce me ya sa ba ki hana ni ba.

Ta ajiye zanin. 

"Na ga ya yi haske. Na ce yarinya ta yi karatu, ta san abin da take yi. Sai na ƙara kajiji don kada ubanki ya ji ƙarnin. Kin ga ashe mu biyu ne. Ke kika ɗebo, ni na rufe."

Ban taɓa ganin hawayen Kaka ba. Ba su zubo ba, sun tsaya ne a idon.

Na ce zan faɗa wa Baba. Ta kama hannuna da ƙarfi.

"Ba za ki faɗa ba. Ni tsohuwa ce, an ce randata, to randata. Me za a yi mini? Ke kuwa yanzu ya fara zancen makaranta. Garin nan in suka ji, sunan zai bi ki har ɗakin mijinki. Uwarki kuma da wane ido za ta dube ki? Randa ce, takwara. Ƙasa ce. Bar ta ta ɗauka."

Na ce, "To ruwan da ke bokiti fa?"

Ta ce, "Allah zai tsare."

Ta faɗa tana kallon ƙullin kayanta, ba ni ba.

Juma'a, 30 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Za a sallami Amatullahi ranar Lahadi. Ta ci kunu, ta zauna da kanta, ta ce Yaya. Baba ne ya faɗa, yana dariya yana share ido da bakin riga. Ya raba goro a ƙofar gida.

Ya sa na ɗebo tulu uku na yi musu zogale. Da hannunsa ya cika bokitin. Ya sayo mata ɗan kofi ja na roba ya rataye a jikin famfo, daidai tsayinta.

Juma'a, bayan la'asar

Na wuce ta gaban bokitin sau da yawa. Kofin yana nan.

Asabar, 31 ga Yuli, da hantsi

Na yi ta juya abin. In na yi shiru, Kaka ta tafi da sunan da ba nata ba, ni in tafi makaranta, Amatullahi ta sha daga jan kofi. Wataƙila ba abin da zai faru. Mutane da yawa suna sha ba abin da ya same su. Ni ma haka na ce wancan karon.

Baba ba mai taurin kai ba ne. Lissafinsa daidai ne, lambar da aka ba shi ce ba daidai ba, kuma ni na ba shi. Duk garin nan ba wanda ya san ruwan zogale ya riga ya shiga cikin yarinyar nan sau ɗaya sai ni da Kaka, Kaka kuwa ta rantse ba za ta buɗe baki ba.

Asabar, kafin magariba

Na je bayan rumbu na tada randar. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Na wanke ta, na mirgino ta a hankali na mayar da ita raminta, na jiƙa yashin. Ban zuba komai a ciki ba. Kaka tana kallo ta taga. Ta ce, "Takwara, ban yafe ba in kika yi." Na ce to. Ta sake cewa, "Kin ji ni?" Na ce na ji. Muryarta ba ta yi kama da ta mai hani ba, amma ko da ta yi.

Na auna bakin bokitin shuɗi da zare, na ƙulla daidai faɗinsa, don a gwada da tukunyar tata a shagon kusa da tasha. Baba zai bi ta gabansa gobe kafin ya isa asibiti. Na cire jan kofin na ɓoye cikin kwandon Inna.

Motar Zango tana tashi da hantsi. Baba yana dawowa daga masallaci ya zauna a zaure, in kai masa koko, in durƙusa, ya karɓa, in tashi. Haka muke yi kullum. Gobe in ya karɓa ba zan tashi ba.

Na san bakina. Yana iya ƙi, kamar ranar Alhamis ɗin nan da Baba ya zo ɗaukar kaya. Shi ya sa na ciro farin gyalen daga ƙarƙashin katifa. Na wanke shi sau uku tun ranar da aka tafi da ita, amma tsakiyarsa tana nan da zagayayyen tabo ruwan ƙasa, faɗin bakin bokiti, na kwana ashirin. Baba ya san launin lakar tafkin nan, da ita ya gina gidan.

Zan shimfiɗa shi a gabansa, in ɗora zaren a kai.